Mu Ƙera Babbar Mota da Hannunmu

Darasin karatu da lissafi da aikin hannu, aji na shida

1. Motocin hanyar Tanut

Garin Tanut yana bakin babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Agadas. Tsakaninsa da Damagaram kimanin kilomita 150 ne. A zamanin kakanninmu ayarin raƙuma ne ke ratsa ƙasar Damargu. Su zo daga Abzin da gishiri da dabino, su koma da gero, wasu kuma su zarce Damagaram har Kano. Yanzu manyan motoci, waɗanda ake ce wa kamyo, sun karɓi yawancin wannan aiki. Suna ɗaukar hatsi da dabbobi da mutane. Tun shekarar 2011 akwai kuma motocin dakon mai da ke fitowa daga matatar SORAZ, a ƙasar Olelewa. A wannan shekara ce aka raba Belbeji da Tanut, ta zama gunduma ta kanta.

Duk motar da ta tsaya a tasha ko a bakin kasuwa, yara za su kewaye ta. Su duba tayoyi, su leƙa madubi, su ƙirga fitilu. In sun koma gida sai su ƙera tasu. Bayan girbi ana yin motar kara: a fere ɓawon kara ya zama tsinke, a haɗa totuwa da totuwa, a yi taya da sakaina. Wasu na yin ta waya, wasu ta langa-langa, wasu ta gwangwani. Ba a sayar da kayan waɗannan motoci a kanti. Kowane yaro shi ne maƙerin motarsa.

Yau za mu ga yadda ake ƙera wata iri dabam: mota babba, mai tsawon hannun babban mutum, wadda kowane sashe nata ya yi daidai da na motar gaske. Irin wannan ita ake kira samfurin mota.

2. Ido ba mudu ba ne

A wata makaranta ta ƙasar Tarka, ƴan aji shida sun yi niyyar ƙera babbar mota don bikin ƙarshen shekara. Suka tara waya da gwangwani da katako. Cikin kwana uku suka gama, suka kai wa malam suna murna.

Malam ya ɗora ta bisa tebur, ya daɗe yana dubawa. Sa'an nan ya ce: «Wace mota ce kuka kwaikwaya?»

Babban ɗan aji ya ce: «Malam, wadda ke zuwa ɗaukar gero ranar kasuwa.»

Malam ya ce: «To, kun auna ta?»

Suka ce: «A'a, Malam, ai mun san ta. Kullum muna ganinta.»

Malam ya ɗauko ma'auni ya gwada. Tsawon motar santimita 80, faɗin taya kuwa santimita 7, domin da marfin gwangwani suka yi ta. Ya ce: «In da motar gaske ce wannan, da tayarta ba ta fi ta ƙaramar mota ba. Ku kai ta waje ku tura.» Suka kai ta cikin rairayi. Ba ta yi taki biyu ba, sai cikinta ya zauna a ƙasa, ta kafe.

Wata yarinya ta ce: «Malam, ai an ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima.»

Malam ya yi dariya ya ce: «Gaskiya ne, ya san kima. Amma ke, in kin je sayen gero, kina yarda a zuba miki da kima, ko sai an kawo tiya? Ranar kasuwa mu je mu auna.»

3. Yadda ake auna mota

Ranar kasuwa suka tafi da sandar mita ta aji, da igiya mai ƙulli a kowane mita, da dogon gora, da littafi. Suka gai da direba, suka ce: «Baba, muna roƙo ka bar mu mu auna motarka.» Direba ya yi mamaki, amma ya yarda. Ya kashe inji, ya sa yaron mota ya tokare tayoyi da duwatsu. Ku riƙe wannan da kyau: ba a taɓa mota sai da izinin mai ita, ba a kusantar ta inji na aiki, kuma yaro ba ya shiga ƙarƙashinta sai babba na tsaye.

Tsawo da faɗi, da igiya suka auna su a ƙasa. Tsayi kuwa, suka jingina gora suka yi alama. Don su san faɗin taya, sai suka ɗora sanda a kwance bisa kanta, suka auna daga ƙasa zuwa sandar.

Da suka koma aji, malam ya ce za a rage kowane awo sau goma. Wannan shi ake kira ma'aunin ragi. Ana rubuta shi 1/10, a karanta shi «ɗaya bisa goma». Ma'anarsa, santimita 1 a jikin samfuri yana madadin santimita 10 a jikin motar gaske. Ga abin da suka rubuta a allo:

Tsawon mota: mita 8, wato santimita 800, a samfuri santimita 80.
Faɗin mota: santimita 250, a samfuri santimita 25.
Tsayin mota: santimita 320, a samfuri santimita 32.
Faɗin taya: santimita 110, a samfuri santimita 11.
Kaurin taya: santimita 30, a samfuri santimita 3.
Daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya: santimita 460; a samfuri santimita 46.

Doka ɗaya ce, kuma ba ta da wuya: abin da ka raba tsawo da shi, da shi za ka raba kome. In ka raba tsawo da goma, ka raba taya da goma sha shida, ba mota ka ƙera ba, wani abu ne mai kama da ita. Kuskuren da suka yi da farko ke nan.

Kafin su taɓa ƙarfe ko katako, sai da suka zana motar a takardar buhun siminti, da girman da za ta fito. Zane uku suka yi: yadda ake ganinta daga gefe, daga gaba, da kuma daga sama. Kowane sashe da aka ƙera, sai a ɗora shi bisa zane a gwada. Gyara a takarda ya fi gyara a ƙarfe sauƙi.

4. Sassan da za mu ƙera

Shasi. Shi ne ƙashin bayan mota. In kun leƙa ƙarƙashin babbar mota, za ku ga dogayen ƙarafa biyu a jere, an haɗa su da gajeru kamar tsani. Ku nemi katako biyu miƙaƙƙu masu tsawon santimita 78, ku haɗa su da gajeru biyar. Ku auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallon ta, ta hagu da ta dama. In awon biyu ya zo daidai, shasi ya miƙe. In bai zo daidai ba, motar za ta yi ta tafiya a karkace kamar jaki mai ɗingishi.

Taya. Wannan mota tana da tayoyi shida: biyu a gaba, huɗu a baya, bibbiyu kowane gefe. Dole dukansu su zama girma ɗaya. Ku kafa ƙusa a katako mai kaurin santimita 3, ku ɗaura zare, ku ɗaura fensir a nisan santimita 5 daga ƙusar, ku zagaya. Kun sami da'ira mai faɗin santimita 10. Ku yanke da zarto, ku goge gefen da magagari ko da dutse. Ramin ƙusar nan shi ne tsakiyar taya, kada ku huda wani wuri dabam. Sa'an nan ku yanko tsohuwar robar cikin taya, ku ja ta, ku yi ta naɗawa har faɗin ya kai santimita 11. A ƙarshe ku kafe bakin robar da ƙananan ƙusoshi.

Gatari. Sandar ƙarfe da tayoyi ke juyawa a kanta, ita direbobi ke kira gatari. A nan ma ƴan ajin sun yi kuskure. Sun sa wayar ƙafar keke, wadda kaurinta bai wuce milimita 2 ba. Da aka ɗora kaya sai ta lanƙwashe, tayoyi suka buɗe. Suka tafi maƙera suka ce: «Baba, ga abin da ya same mu.» Maƙeri ya juya wayar a hannu ya ce: «Ƴaƴana, na motar gaske kaurinsa nawa?» Suka duba littafi, sai suka ga ba su auna ba. Ranar kasuwa ta gaba suka auna, suka sami kamar santimita 10. Ashe gatarinsu ya kamata ya kai santimita 1. Maƙeri ya yanke musu guntun rodi, ya miƙar da shi bisa uwar maƙera. Don kada ƙarfe ya ci katako, suka naɗe guntun gwangwani kamar bututu, suka cusa a ramin kowace taya. Suka fyaɗa marafan kwalba, suka huda, suka sa ɗaya ciki ɗaya waje, don taya ta zauna wuri ɗaya.

Sifirin. Su ne faifayan ƙarfe da aka jera bisa juna tsakanin gatari da shasi. Su ke shanye girgiza in mota ta faɗa rami. Langa-langa ta dace da wannan aiki, domin in ka lanƙwasa ta kaɗan ka saki, tana komawa yadda take. Ku yanka guda huɗu: santimita 12, 10, 8 da 6. Mafi tsawo a sama, mafi gajarta a ƙasa. Ku ɗaure su a tsakiya da siririyar waya. Bakin gaba a kafe shi a shasi, na baya a bar shi cikin zoben waya, ya sami wurin motsi. In an kafe duka biyu, sifirin ba zai yi aiki ba.

Sitiyari. A motar wasa ta kullum, gatarin gaba duka ne ke juyawa bisa ƙusa ɗaya. Shi ya sa take kifewa a kwana. A motar gaske gatarin gaba ba ya juyawa. Kowace taya tana da ɗan gajeren gatarinta, wanda ke juyawa bisa ƙarfe tsayayye a bakin babban gatari. Ku kwaikwayi wannan da ƙusa mai kauri. Kowane gefe ku fitar da ɗan hannun waya zuwa baya, ku haɗa hannuwan biyu da miƙaƙƙiyar waya guda, don tayoyin su juya tare.

Akwai wata dabara a nan. In mota na shan kwana, tayar ciki tana bin ƙaramar da'ira, ta waje tana bin babba. Saboda haka ta ciki ya kamata ta fi juyawa. Ku ja zare daga ƙusar kowane gefe zuwa tsakiyar gatarin baya, ku lanƙwasa ɗan hannun nan ya bi zaren. Za ku ga tayoyin sun daina jan ƙasa a kwana. Wani maƙerin keken doki a ƙasar Jamus, Georg Lankensperger, shi ya gano wannan dabara, aka yi mata rajista a Ingila a shekarar 1818, tun ba a fara mota ba. Daga ƙarshe ku ɗaura doguwar waya mai kauri, wadda za ta kai ƙugunku, ku naɗe kanta ya zama zobe, don ku tuƙa a tsaye.

Kai da bodi. Kan mota, inda direba ke zama, da gwangwanin mai ko na madara ake yin sa. Ku fara yanka shi a kwali, ku naɗa ku gani. In ya zauna daidai, sai ku ɗora kwalin bisa gwangwanin da aka buɗe aka shimfiɗa, ku zana da ƙusa, ku yanka. Ku ninke kowane baki ciki da guduma, domin bakin gwangwani ya fi wuƙa kaifi. Wanda ya yanke, ya wanke ciwon da ruwa da sabulu, a kai shi gidan likita, don datti na jawo mugun ciwo. Gilashi kuwa, farar robar gorar ruwa ta isa. Fitilu, marafan kwalba. Bodi, a yi shi da siraran katako ko da kara masu kauri ɗaya, a manna da ƙaron dakwara, a ƙara da ƙusa.

5. Kaya nawa za ta ɗauka?

Da aka gama haɗawa, malam ya ce: «Direba ya gaya mana motarsa na ɗaukar tan 10, wato buhu 100 na kilo ɗari-ɗari. Tamu fa?»

Wani yaro ya yi wuf ya ce: «Malam, a raba da goma. Buhu goma!»

Aji ya fashe da dariya, domin ko buhu ɗaya ya fi motar girma. Amma da malam ya ce a faɗi inda kuskuren yake, sai kowa ya yi shiru.

Malam ya ce: «Ku dubi bodin nan. Mun rage tsawonsa sau goma. Mun rage faɗinsa sau goma. Mun kuma rage zurfinsa sau goma. Goma sau goma, ɗari. Ɗari sau goma, dubu. Ke nan cikin bodinmu kashi ɗaya ne daga cikin dubu na bodin motar gaske.»

Suka yi lissafi. Tan 10 kilo 10.000 ne. In an raba da 1.000, a sami kilo 10. Tiyar gero ɗaya kimanin kilo biyu da rabi ce. Ashe kayan motarsu tiya huɗu ne.

Wata yarinya ta ɗinka ƙananan buhuna da tsumma. Ranar biki aka cika su da gero tiya huɗu, aka jera, aka ɗaure da igiyar kaba. Auta na aji ya kama sitiyari. Motar ta bar ƙofar aji, ta shiga rairayin da ya kafe ta farko, sifirin na lotsawa yana tashi, ta sha kwana a gindin aduwa, ta dawo. Maƙeri yana cikin ƴan kallo. Ya tsuguna ya duba gatari, ya ga bai lanƙwashe ba. Ya ce wa babban ɗan aji: «In an yi hutu, ka zo maƙera da littafin nan naka na awo.»

6. Manya ma suna yi

Kada ku ɗauka wannan aikin yara ne kawai. A manyan masana'antun mota na Turai da Amurka da Japan, kafin a ƙera sabuwar mota sai an zana ta, an gina ƙaramin samfurinta da wani irin yumɓu, sa'an nan a gina wani mai girman motar sosai, a duba a gyara. Ɗaya daga cikin masu irin wannan sana'a shi ne Jelani Aliyu, wanda ya tashi a Sakkwato. Ya yi karatun zanen mota a birnin Ditiroyit na Amurka, ya gama a 1994, ya kama aiki a kamfanin General Motors. Da zanensa aka yi motar gwaji ta Chevrolet Volt, mai aiki da lantarki, wadda aka nuna wa duniya a 2007.

Akwai kuma mutane a ƙasashe da yawa da ke ƙera samfurin mota don sha'awa. Ƙanana ana yin su a 1/43 ko 1/24 ko 1/18. Manya kuwa a 1/10 ko 1/8. Ku lura: lambar ƙasa in ta ƙanƙanta, samfuri ya girma. Gwanayen cikinsu, in sun rasa wani sashe a kanti, da hannu suke ƙera shi, kamar yadda muka yi.

A ƙasarmu wannan gwaninta ba ta ado ba ce. Mota na iya lalacewa tsakanin Tanut da Adarbisanat, ko a hanyar rairayi ta ƙauyukan Gangara da Tarka, inda babu kantin kayan gyara. Famfon rijiya ma na lalacewa, haka amalanke da injin niƙa. A irin wannan rana gari na neman mutumin da ya iya duba ƙarfen da ya karye, ya auna shi daidai, ya zana shi, ya ƙera wani a madadinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu riƙe

A auna kafin a zana, a zana kafin a yanka.
Ma'aunin ragi ɗaya ne ga dukan sassan mota.
A ma'aunin 1/10, tsawo na raguwa sau 10, amma abin da ciki ke ɗauka na raguwa sau 1.000.

Tambayoyi

1. Me ya sa motar farko ta kafe a rairayi?
2. Waɗanne abubuwa direba ya yi kafin yara su fara awo?
3. Wace tambaya maƙeri ya yi wa yara? Me ta koya musu?
4. Don me ba a kafe bakunan sifirin duka biyu?
5. A kwana, wace taya ce ta fi juyawa? Don me?

Lissafi

1. Ƙofar mota tana da tsayin santimita 140 da faɗin santimita 90. Nawa za su zama a ma'aunin 1/10?
2. Kewayen da'ira shi ne faɗinta sau 3,14. Santimita nawa tayar samfurinmu ke ci in ta juya sau ɗaya? Sau nawa za ta juya a filin makaranta mai tsawon mita 69?
3. A shekarar 1957 kamfanin Berliet na Faransa ya fitar da wata ƙatuwar mota mai suna T100, don aikin haƙar mai a hamadar Aljeriya. Guda huɗu kaɗai aka ƙera. Tsawonta kimanin mita 15 ne. Nawa ne tsawon samfurinta a 1/10? A 1/20 fa?
4. In an ƙera motar direban nan a ma'aunin 1/5, mene ne tsawonta? Kilo nawa za ta ɗauka?

Kalmomi a Faransanci

samfuri: la maquette
ma'aunin ragi: l'échelle
shasi: le châssis
gatari: l'essieu
taya: la roue
sifirin: le ressort
faɗin da'ira: le diamètre

Aikin yi

Ku rabu ƙungiya-ƙungiya, biyar-biyar. Kowace ƙungiya ta nemi izinin mai amalanke a garinku, ta auna amalankensa, ta rubuta awon a layi biyu: na gaske da na 1/10. Ku zana shi daga gefe, daga gaba, da daga sama. Mako mai zuwa kowa ya zo da abin da ya samu na katako, langa-langa, gwangwani da tsohuwar roba.